Garin Maƙwabcina Ɗan Ibo

A shekarun fari da yunwa, bayan soja sun karɓi mulki, butik ɗina, wato shagona na ɗinki, yana jingine da na wani ɗan Ibo mai sayar da kayan mota. Ciniki ya mutu, sai hira. Wata rana da la'asar ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana mini garinsu.

Ya ce, "Nan tudu ne, Malam, inda kakanmu maharbi ya fara sauka. 'Ya'yansa huɗu, kowanne ya kafa unguwa. Mu zuriyar autan ne, shi ya sa muke bakin rafi, kuma mu ne na ƙarshe wajen ɗaukar goro a taro."

Na tambaye shi ko rafin yana ƙafewa. Ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin gindinsa ba. A lokacin mutanen ƙauyen Dabaga suna shigowa garinmu, rijiyoyin lambunsu sun bushe.

Amma ba ruwan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Ya ce dangin ubansa sun ajiye masa fili kusa da kabarin kakansa, komai daɗewarsa a waje. Ni kuwa mahaifina da ayari ya zo daga kudu, ya rasu bai faɗa mana sunan ƙauyensu ba.

"Kai fa, ina ne asalinku?" in ji shi.

Na ce nan ne. Na koma kan keken ɗinki, na yi ta takawa da ƙarfi har allura ta karye.