Kwaɗon Da Ya Je Golmo

Ni zabiya ne. Na faɗa tun yanzu don kada mai karatu ya yi ta lalube. Shekaruna arba'in da bakwai, ina da injin niƙa a Rikoto, kuma akwai wani miki a bayan wuyana da ya shekara bai warke ba. Amma abin da ya hana ni sukuni a satin nan shi ne malfar Asabe.

Asabe autata ce, shekarunta tara, ita kaɗai ta ɗauko fatata cikin 'ya'yana biyar. Ran Litinin ta dawo daga makaranta kai ba malfa, kunnuwa da wuya sun yi jawur kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ce malfar ta ɓata. Da yamma uwarta ta tsinto ta cikin ciyawa bayan gida, inda ta cusa ta tun da safe. Wai 'yan ajinsu suna ce mata mai malfar kiwo, suna tambayarta ina ta baro shanun.

Tun ranar Kaka ta tsaya mini a rai.

Kaka uwar babana ce, a hannunta na tashi, a wani ƙauye kan hanyar Dirin Daji. Da damina, in an gama cin tuwo, takan hura wuta a tsohon kasko a tsakar gida, ta zuba ɗanyen ganyen ɗoɗɗoya a kai. Hayaƙin ya tashi, sauro ya ja baya, mu kuma mu yi ta tari. Sauran jikoki sukan zauna suna fuskantarta. Ni kuwa wurina daban yake: tsakanin ƙafafunta, na ba ta baya, domin ni tatsuniyata da jinya ake haɗa ta. Takan tsoma tsumma cikin ruwan randa ta ɗora inda rana ta ƙona ni, in ya ɗumama ta sake tsomawa. Ta ɗura mini ruwa moɗa guda ko ba na jin ƙishirwa. Inda sauro ya cije ni ta wanke da sabulu. Sai fata ta huce sannan ta shafa man kaɗanya, a hankali, da yatsa biyu. Farcena kuwa ba ta bari ya kwana uku bai ga reza ba.

"Wa ya ce ka sosa? Ni na aike ka?" Haka take cewa, tana buge mini hannu. "Bororon nan kuma, wanda ya fasa maka shi, ko ubanka ne, ni da shi."

Da yarenmu take ba da labari, amma in za ta yi faɗa sai ta koma Hausa, wai ta fi zafi. Farawarta kullum ɗaya ce: "Ku rufe baki, ku bar kunne a buɗe, ga ta nan ta iso ƙofa." Mu ce ta shigo. Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai guda da take maimaitawa har sauran yara su yi tsaki. Na daɗe kafin in gane saboda ni take yi.

Wai a da can Kwaɗo fatarsa sumul take, ba ƙurji ko ɗaya. Ya ga ɗiyar Kunkuru yana so, aka ce to ya zo ya yi golmo. Ga wanda bai sani ba, golmo a wurinmu shi ne saurayi ya ɗebo sa'o'insa su yi wa uban yarinya noma, damina bayan damina, kafin a ba shi mata. Sa'o'in Kwaɗo kuwa ƙadangaru ne, waɗanda rana ba ta yi musu komai. Kakar Kwaɗo ta yanko masa ganyen gwaza mai faɗi ta ce ya riƙa ɗorawa a ka, ya yi noma da sassafe da kuma la'asar, in rana ta take ya nemi inuwa.

Kwana biyu yana bin maganarta. Ran na uku ƙadangaru suka fara. A nan Kaka takan maƙe murya: "Ango, ango, wannan lema ce ko faifan tuwo? Amarya na leƙe fa!" Kwaɗo ya waiga, ya ga ɗiyar Kunkuru ta kawo ruwa. Ya fizge ganyen ya yar. Ya yi huɗa tun hantsi har rana ta karkata, bayansa ya tashi da bororo. Zafi ya ishe shi, ya ruga bakin rafi ya kwanta cikin ciyawa, daidai lokacin da sauro ke fita kiwo. Suka same shi ba riga ba hayaƙi. Suka ci, ya sosa, suka ci, ya sosa, har fatar ta lalace. Shi ya sa har yau bayansa duk ƙuraje, ba ya fita sai rana ta faɗi, kuma duk sauron da ya gilma sai ya haɗiye shi don haushi.

"To amaryar fa, Kaka?" Kullum sai wani ya tambaya.

"Amarya? Ƙadangare ta aura. Ta ƙare. Wanda bai ji ba, sauro ya gaya masa a kunne."

Yara su yi dariya. Ni ba na yi, don a daidai nan takan matse kafaɗata.

Na ji tatsuniyar nan ya fi sau ɗari. Ku ji amfanin da ta yi mini.

Makaranta na bar ta a aji biyar, domin ba na ganin allo ko an zaunar da ni gaba, malam kuma ya ɗauka iskanci ne. Na koma gona da malfa da riga mai dogon hannu wadda Kaka ta sa aka ɗinka mini. Ina da shekara goma sha tara na shiga golmo saboda wata yarinya da ba sai na faɗi sunanta ba. Samari a golmo ba riga suke noma, gumi na sheƙi a baya, ana waƙa, ana tsere a kan kunya. Ni kaɗai ne a lulluɓe kamar mai jego. Cikinmu akwai Bawa, mai bakin tsiya. Rana ta take, ya dafa garma ya ce, "Baturen Kaka, ko mu aika a kawo maka lema?" Aka kwashe da dariya. Na ɗaga kai, sai ga yarinyar da tulu a bakin gona.

Wallahi na tuna Kwaɗo a lokacin. Ina tuna shi ina cire rigar da malfar.

Na yi noma har la'asar, na riga Bawa kai ƙarshen kunya sau biyu. Da aka tashi muka gangara rafi wanka, jiri ya ɗebe ni, na kwanta a ciyawa har magariba. Sauran kun riga kun ji shi a tatsuniya. A kafaɗa aka kai ni gida, ina rawar sanyi, baya duk bororo, hannu da ƙafa duk cizo. Kaka lokacin idonta ya yi rauni. Ta shafa bayana da tafin hannu. Kwana uku tana tsoma tsumma tana ɗorawa, ba ta ce mini uffan ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kuma ban daddara ba. Wanda ya cire riga sau ɗaya gaban sa'o'insa, da wane ido zai mayar? Damina uku na yi haka, kowace sai na kwanta. A ta huɗu uban yarinyar ya aiko cewa ba zai ba da ɗiyarsa ga mutumin da rana ke kayarwa ba. Bara Bawa ya kawo niƙa wurina, ya yi furfura, yana sayar da kayan miya a kasuwa. Na tuna masa maganar lema. Ya dube ni tsakani da Allah ya ce, "Ni? Yaushe aka yi haka?"

Watan jiya na kai mikin nan asibiti. Malamar da ta duba ta daɗe tana kallo, ba ta yi mini wasa ba. Ta ce ƙunar ranar shekaru ce ta taru, dole in je Sakkwato a yanki kaɗan a gwada. Ta ba ni wani mai na musamman saboda Asabe, a shafa mata kafin ta fita, a ƙara da tsakar rana. Ta ce man kaɗanya yana sanyaya ƙuna amma ba ya tare rana, kada mu dogara da shi. Malfa, dogon hannu, inuwa, gidan sauro. Na ce a raina, baiwar Allah, wata tsohuwa da ba ta san bihim ba ta gaya mini kusan duk wannan tun ina tsirara.

Shekaranjiya bayan magariba na hura wuta a kasko, na sa ɗoɗɗoya, na zaunar da Asabe gabana. Na jiƙa tsumma na ɗora mata a wuya, inda fata ta fara saɓulewa. Na ba ta labarin Kwaɗo tun daga farko, har muryar ƙadangaru na yi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Baba, ai Kwaɗo ba ajinmu yake ba. Bai san su Rabi ba."

Na sake tsoma tsumman a ruwa. Yarinyar ba ƙarya ta yi ba.

Tun da na bar golmo ban ƙara cire riga gaban kowa ba, 'ya'yana ba su taɓa ganin bayana ba. Na miƙe na cire ta, na ɗaye audugar da ke wuyana, na juya wajen hasken wuta. Uwarta ta ce, "Haba Malam, yarinya ce fa." Na ce ta bar ni.

Asabe ta matso ta duba mikin. Can ta ce, "Zai warke?"

"Ban sani ba. Sai na je Sakkwato."

"Wa ya ce ka cire malfarka?"

"Bawa."

"Bawa mai kayan miya?"

"Shi."

"Ya ba ka haƙuri?"

"Bai ma tuna ba, Asabe."

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar rana da sauro ce. Sai yanzu na lura cewa rana ba ta taɓa cire wa Kwaɗo ganye ba, ba ta cire mini riga ba. Kaka ta san haka sarai, shi ya sa ta fi ɓata lokaci a kan muryar ƙadangaru. Abu ɗaya ne ba ta gaya mini ba: me Kwaɗo zai ce musu in sun fara? Ina jin ita ma ba ta sani ba. Ni ma ban sani ba, ga shi har na fara furfura. Abin da na sani shi ne mai dariya yakan manta kafin ya isa gida, fata kuwa ba ta mantuwa.

Yau da safe uwarta ta shafa mata man, Asabe ta ɗauki malfar da hannunta ba wanda ya ce mata. Na tsaya a ƙofa ina kallonta har ta kai gindin mangwaro, inda hanya ke karyawa. Idona ba ya wuce nan. Abin da ta yi da malfar bayan mangwaron, Allah kaɗai ya sani.

Ana tashinsu daga makaranta ƙarfe ɗaya da rabi. Na kashe injin tun ɗaya, mata biyu na zaune da dawarsu suna mita. Su yi ta yi. Daga nesa ba na gane fuskar kowa, amma malfa mai faɗi ina iya gane ta.