Wayar Solar da Ta Ratsa Tsakar Gidana

Ina fitowa daga ɗaki da buta a hannu sai na ga baƙar waya ta ratsa tsakar gidana, daga kwanon ɗakina zuwa kwanon sashen babban ɗana. Ranar nan kam ba na manta ta. Shi ɗan nawa ne ya kawo mai haɗa solar, wai na huta da zafi da duhu. Farantan solar ɗin takwas ne, rufi ɗaya bai ɗauke su ba, sai aka ɗora huɗu a kan ɗakina, huɗu a kan nasa. To dole a haɗa su, shi ne mutumin ya miƙo waya ta sama kai tsaye, ko tsayin miƙa hannu ba ta wuce ba.

Na ce da shi ya sauko. Ya sauko yana murmushi, ya gaishe ni, mutum ne mai ladabi, wannan ban hana shi ba. Na ce wayar nan ba za ta kwana a nan ba. Ya ce mai rufin roba ce, ko ruwan sama ba ya yi mata komai, kuma zagaye da ita ta bango aiki ne na yini guda.

Ɗana ya matso ya yi ƙasa da murya. “Inna, don Allah ki bar mutum da aikinsa. Karatun abin nan ya yi.”

Na ce ni ma na yi karatu, ko da yake da furfura na yi shi, amma ba maganar takarda ake ba. Gidan nan mata huɗu ne da jikoki tara, kuma na san hannun kowacce. Na tambayi mai solar ko akwai wuta a wayar yanzu. Ya ce a'a, bai jona ta da farantan ba tukuna. Sai da na sa ya hau tsani ya ɗago mini bakin wayar na gani da idona. Sannan na ce kada ya jona, su je zaure su ci abinci, an sauke dambu.

Ni kuwa na ɗauko kujera na zauna na zuba ido. Tun safe matar ɗana take wanki a bakin rijiya, igiyar shanyarmu kuma mai solar ya kwance ta don ya kafa tsani. Yarinyar kirki ce, amma ta ɗago kai ta ga abu a miƙe. Ta yarfa zani biyu a kai. Ta ƙara da kayan makarantar yara. Ƙarshe ta kinkimo jiƙaƙƙen bargo yana ɗiga, ta maka. Wayar ta yi ciki ta sauko, ina jin ƙarar gogarta da bakin kwano.

Nan na aika a kira su. Mai solar ya shigo yana suɗe hannu, ya tsaya cak. Ya hau tsani ya duba inda wayar ta kwanta a kaifin kwanon. Robar ta yanke har jan ƙarfen ciki ya leƙo. Ya daɗe a sama. Da ya sauko ya ce da an jona, da rana tsaka irin wannan, kwanon duka zai iya ɗaukar wuta, ga kuma mai shanya da jiƙaƙƙen hannu.

Matar ɗana ta fara salati tana neman kuka. Na ce ta yi shiru, ba laifinta ba ne, duk abin da aka miƙe a tsakar gida shanya za a yi a kai, ko ni da ƙuruciyata haka zan yi. Ɗana dai ƙasa yake kallo.

“Hajiya, ta ina kike so ta bi?” in ji mai solar.

Na tashi da sandata na nuna masa. Ta jikin bango, cikin bututun roba, sama da ƙofar madafa inda tururi ba ya kaiwa, nesa da turken awaki. Ya yi hakan, ya ɗaɗɗaure bututun, ya sa wa kowane sashe makunninsa daban, ya kafa ƙarfe a ƙasa saboda tsawa. Sai bayan la'asar fankata ta juya.

Na ce ya zauna ya sha fura. Ya ce a'a, yana ta cusa kaya a jaka. Wai akwai wani gida a Indabo da ya yi musu irin wannan miƙen shekaranjiya, kuma nasu a jone yake. Ya buga babur ya tafi, ko tsaninsa bai ɗauka ba.