Talatin ɗin Ƙanena

Ni ne na yi kuskure, kuma sai da na shekara biyu kafin in gane.

Mu biyu Inna ta haifa. Ni na tsaya a aji uku na sakandare na koma gonar albasa a Bodinga, ƙanena kuwa karatu ya kai shi Amurka. Duk Juma'a yakan kira bayan mun sauko daga masallaci, in ajiye wayar a tsakiyar tabarma mu ji muryarsa ni da Inna.

Wata Juma'a cikin watan Maris, lokacin cirar albasa, wayata ta nuna zafin gari arba'in da ɗaya. Ina hanyar gida ya kira.

"Yaya, wurin nan ya ishe ni. Yau talatin ake, ga ni tsaye ina jiran mota. Gida nake so."

Na yi dariya. "Talatin? Ɗan gatan Inna, mu arba'in da ɗaya muke sha. Talatin ai iskar bayan ruwan sama ce. In ka ƙoshi, ka ce ka ƙoshi."

"Yaya, ba irin awonku ba ne, nan..."

"Kada ka kawo mini boko," na ce, na kashe wayar.

Ban tsaya nan ba. Na gaya wa Inna daɗi ne ya yi masa yawa, ita ma ta yi masa faɗa a kan maganata. Daga nan kiransa ya koma gaisuwa. Lafiya lau, Yaya. Alhamdu lillahi, Yaya. Ya daina tambayar miyar da Inna ta yi, ya daina tsokanata da cewa albasa ta hana ni ƙiba. Nakan riƙe wayar bayan ya yi sallama, kamar akwai sauran magana a ciki.

Bayan shekara biyu, wata ranar kasuwa a Shagari na shiga shagon wani abokina mai sayar da magani. A bango akwai ma'aunin zafi mai layin lamba biyu. Na tambaye shi amfanin na biyun.

"Wanga namu ne, wancan na Amurka," in ji shi. "Ka cire talatin da biyu daga nasu, ka raba saura gida biyu, ka kusa namu."

"To talatin ɗinsu fa?"

Ya ɗora yatsa a kan talatin, ya ja shi zuwa layinmu. Yatsan ya tsaya ƙasa da sifili.

"Nan ruwa ƙanƙara yake zama, Malam."

Da na dawo Bodinga, wurin mai sayar da ƙanƙara na nufa. Na roƙe shi in sa hannu cikin firinjinsa. Ya dube ni, ya buɗe. Ban kai ƙirga hamsin ba na zare hannun, yatsuna suna zogi. A cikin irin wannan sanyin ƙanena ya tsaya da dukan jikinsa yana jiran mota, ya kira yayansa.

Ban jira Juma'a ba. Inna na fara gaya wa, sannan na kira shi a gabanta.

"Ƙanena, ranar da ka ce mini talatin, sanyi kake ji, ni kuma na yi maka dariya. Ka so ka yi mini bayani na hana ka, don kada a ce ƙaramin ya fi ni sani. Na kuma haɗa ka da Inna. Ka yafe mini don Allah."