Ba Wata-wata a Bakin Mayo

Wata Laraba ce cikin watan Agusta, shekarar da na shiga aji uku, muna wanki a mayo, rafin da ke bayan gonakinmu a Mubi. Ko ɗigon ruwa bai sauka a gari ba, rana ma ƙwal take, amma can kan duwatsun gabas hadari ya yi baƙi ƙirin tun safe. Goggo Dija, ƙanwar babanmu, tana dirzar kaya tana ɗaga kai tana duban duwatsun, ni kuwa da ƙawata Ladi mun shanya namu a kan yashin tsakiyar rafi, mun shagala da carafke.

Goggo mafaɗaciya ce, a bayan idonta sarkin tsawa muke ce mata. Doka ɗaya ta kafa mana a bakin mayo: "In na ce ku tashi, ba wata-wata." Na taɓa tambayarta mene ne wata-watan, ta harare ni ta ce, "Shi ne bari in ɗauki wannan, bari in duba wancan. Ruwan dutse ba ya jiran wannan da wancan."

Wata iska mai sanyi ta fara kaɗawa. Ruwan da bai wuce idon sawu ba ya rikiɗe ya yi ja, kara da kumfa suna wucewa, sai wani ruri daga nesa kamar na babbar mota. Goggo ta yar da sabulu ta kurma ihu, "Ku tashi!" Na zura a guje ba takalmi, ban ɗauki ko tsinke ba. Ladi ma ta taso, har ta kusa gaɓa, sai ta ja ta tsaya. Zanen innarta na kan yashi, shi kaɗai take ɗaurawa zuwa biki. Ta dubi zanen, ta dube mu. "Bar shi ya tafi, 'yar nan!" in ji Goggo, muryarta har ta dushe. Ladi ta juya ta nufi zanen.

Washegari da safe maza suka tsinci zanen maƙale cikin gonar rake, can ƙasa. Ladi kuwa sai bayan la'asar aka sami gawarta.

Yanzu an yi gada, wanki ma a gida ake yi. 'Ya'yana in na ce su tashi sai sun ji dalili, nakan tsaya in yi musu bayani, raina yana kewar tsawar Goggo. Har yau in hadari ya haɗu a kan duwatsun nan gabana faɗuwa yake yi. Abin da ya raba ni da Ladi, waiwaye ɗaya ne.