Suman Abu Jiryis na Minti Huɗu

Kowace safiya, kafin masu ziyara su fara tururuwa, Abu Jiryis yakan kurɓi gahawarsa, ya ɗauki sandarsa, ya tsaya bakin ƙofar cocinmu na Urushalima. Shekara arba'in da ɗaya aikinsa ke nan, buga sanda.

Kada ku raina aikin. Coci ɗaya ne, masu shi uku: Girkawa, Armeniyawa da Katolika, kowa da lokacin waƙarsa. In ya buga sanda sau uku, na ciki su yi shiru, na waje su shiga. A wurinmu kuwa, in ka bari wani ya ƙara minti ɗaya ba ka yi magana ba, shi ke nan, mintin ya zama nasa har jikokinsa. Da idona na ga limamai masu furfura sun cakumi juna a kan minti biyu.

Shekara bakwai da suka wuce, ranar babban idi, aka ba Baba Hagop, tsohon mawaƙin Armeniyawa, dama ya rera waƙarsa ta ƙarshe kafin ya ajiye aiki. Tsufa ya cinye masa numfashi, yana ja yana hutawa. Lokaci ya cika, saura baiti guda. Abuna Anton, limamin Katolika, yana bakin ƙofa da jama'arsa, ido a kan agogo.

"Abu Jiryis, buga mana," in ji shi.

In ya buga, an katse dattijo a tsakiyar waƙar da ba zai sake rerawa ba. In ya ƙi, rigima ta tashi. Abu Jiryis ya ɗaga sanda, ya dafe ƙirji, ya zube ƙasa, ya tare ƙofar da ƙaton cikinsa. Aka yi kansa da ruwa da fifita. Babu wanda ya ba wani minti, ai rashin lafiya ce. Baba Hagop bai ma san ana yi ba, ya kai waƙarsa ƙarshe, kuma wallahi na yi hawaye.

Kai ɗan ɓangaren Girkawa ne, Abu Jiryis, ko kalma ɗaya ta waƙar Armeniyawa ba ka ji. Kai ne ka kwana uku a asibiti ana tsira maka allura kana lafiya lau. Kai ne matarka, Ummu Jiryis, ta yanke wa kunafa, alkakinmu na nan, tun daga ranar, wai zaƙi ne ya kayar da kai. Ka haɗiye sirrin, don ka san in ta ji, unguwa ta ji.

Jiya, a walimar sallamarsa, Abuna Anton ya raɗa masa a gabana:

"Na ga ka buɗe ido ɗaya kana leƙen agogo."

"To me ya hana ka magana, Abuna?"

"Ni ma ina son in ji ƙarshen waƙar."

Mun gode, mai sanda. Masu tasowa, ku koyi riƙon lokaci a wurinsa, ku kuma koyi ranar da ake sakinsa. Baba Hagop ya rasu bara, babu sauran abin ɓoyewa.

Ke kuma Ummu Jiryis, don girman Allah, ki ba bawan Allahn nan kunafarsa. Ƙalau yake.