Maɗacin da Kakata ke Gaisarwa

Jiya a hanyar Dayi na tarar an sare maɗacin kakata, an ƙone shi gawayi. Har yanzu zuciyata tafasa take.

Marigayiyar ba ta ɓantarar ɓawonsa sai ta yi bismilla, ta gaishe shi. In ta ɗebi na zazzaɓi, sai ta shafe gurbin da ɗanyar laka. Wata rana, ɗacin jiƙon na maƙale a harshena, na tambaye ta dalili.

Ta ce, "Haba mai gidana, ya ba ka lafiya, kai ka bar shi da ciwo?"

Wayayyu suka ce wannan duhun kai ne. To, ga wayewar can a buhu, bakin titi!

Allah Ya jiƙan ki, Kaka, Ya zaunar da ke inuwar da gatari ba ya kaiwa.