Karayar ɗiyata ta kai ni Goronyo

Mi ya sa kaza ta tashi, Malam bai tashi ba? Rana ɗaya mai ɗori ya karya ƙafarta ya ɗaure, ya ɗaure ƙugun mijina Malam, ya ce in ta taka shi ma zai taka. Ta taka. Shi kuwa wata huɗu yana kwance har Allah ya karɓi abinsa. Kuma ba daga bisa ya faɗo ba, santsi ne ya kwashe shi a gonar shinkafa, nan fadamar Wurno.

Ina fita takaba aka aiko cewa ɗiyarmu ta fari, wadda ke aure a Goronyo, ta karye a hannu. Dafa ƙasa kawai ta yi za ta miƙe.

Mun tashi da asuba, ni da ƙanwata. A Marnona muka sauka daga babur muka shiga mota, mu huɗu a baya, ga buhun albasar wani bisa ƙafafunmu. Kuɗin mota ya ƙaru, ramukan hanya ma haka. Muka sayi ƙosai, ƙanwata na mita wai ya ƙanƙance kamar aya, amma ita ta cinye rabona. Da muka kusa gari sai kore ko'ina, injinan ban ruwa na ta ƙugi. Sa'ad da ake gina dam Malam ya yi leburanci a nan. Na yi kuka a motar, ban ɓoye ba.

Na iske mai ɗori ya riga ni isowa daga wajen Rabah, da karansa na ɗori, an kuma kamo kaza. Tun da aka ɗaura auren ban taɓa haɗa ido da surukina ba. Ɗiyar fari ce, ko sunanta ba na faɗi. Ranar na tsaya gaban surukin nawa.

"A saki kazar nan. Asibiti za mu."

Ya durƙusa. "Inna, mi likita zai yi wanda ɗori bai yi ba?"

"Ban sani ba. Abin da ɗori ya yi dai na gani."

Da aka ɗauki hoton hannun a asibiti, likita ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa irin wannan karaya a gida. Na lissafa mata uban yarinyar, da uwarsa da ta ƙare a duƙe, da yayarsa da tari ya karya mata haƙarƙari. Mu sammu muke cewa. Ta ce ƙarfin ƙashi gado ne kamar tsayi, nasu ba ya da kauri, sai dai ana rage haɗarin da magani da nono da kifi da motsa jiki. Ta sa filasta, ta tura mu Sakkwato awon ƙashi. Surukina ya ce shi zai kai ta da kansa.

Kwana uku na yi na komo Wurno da ƙullin busasshen kifin dam. Na koyi cewa kunyar suruki ba ta kai hannun ɗiya ba. Ƙanwata ta ce ba ta san ni da tsaurin ido ba. Saƙo ne na kai. Da hantsin ranar da zai rasu Malam ya riƙe hannuna ya ce:

"Yarinyar nan ƙashina gare ta. In ta faɗi, kar ki ji kunyar kowa."